Ƙofar da Take Cizo

"Baba, ƙofarku tana cizo."

Almajirin da ke zuwa karɓar tuwon dare a gidanmu ne ya faɗi haka, yana yarfe hannu. Farkon watan Yuni ne, washegarin ruwan farko mai ƙarfi da ya sauka a Kano a wannan daminar. Yaron bai wuce shekara tara ba. Na ɗauka kunama ce ko rina, sai na haska tocila na duba mariƙin get ɗin ciki da waje, ban ga komai ba. Na kama ƙarfen da hannuna na jijjiga, shiru. Na duba tafin hannunsa, ba kumburi, ba jini. Na ba shi haƙuri, aka zuba masa tuwo ya tafi. Har yau idan na tuna cewa a daren nan na kwanta na yi barcina hankali kwance, sai gabana ya faɗi.

Bayan kwana uku aka sake yin ruwa da asuba. Da hantsi mai garuwa ya turo kurarsa, ya dafa get zai tura, sai ya yi tsalle baya har jarka ɗaya ta kife. "Alhaji, wallahi akwai wuta a jikin ƙarfen nan. Har kafaɗata na ji." Na fito na taɓa a gabansa, na riƙe da hannu biyu. Ban ji ko ɗar ba. Ya kalle ni, na kalle shi. Babban mutum ne, ba zai yi mini ƙarya ba, ni ma kuma ya san ba musu nake yi masa ba.

Kafin mako ya zagayo magana ta bazu a layinmu. Wata 'yar maƙwabta da aka aiko da saƙo ta koma gida da kuka. Wata dattijuwa ta aiko a gaya wa uwargida cewa a yi turare a bakin ƙofa, a yawaita addu'a. Addu'a mun yi, ba ma rabuwa da ita, amma ruwa ba ya tsami banza. Na sa aka bar ƙaramar ƙofar a buɗe da dutse don kada kowa ya taɓa, na kira wani matashi mai gyaran wuta.

Ya zo da rana tsaka, kwana huɗu ba a yi ruwa ba, ƙasa ta bushe ƙayau. Ya ɗora tasta a jikin get, ba ta kama ba. Ya ɗora a sama, ya ɗora a ƙasa, shiru. Ya ɗaga kai ya dubi wayar NEPA da ta shigo gidan daga fal-waya, ya ga ta yi nisa da ƙarfen ƙwarai. Ya tambayi ko mai waldan da ke bayan katangarmu yana jingina aikinsa da get ɗinmu, na ce tsakaninsu akwai gida guda. Daga ƙarshe idonsa ya faɗa kan ƙararrawar ƙofa. Ya ce in ma akwai matsala, to daga nan take. Ya yanke wayarta, ya naɗe da salatif, na biya shi. Da aka sake yin ruwa, ƙanina ya fito daga alwala zai tafi masallaci, ya taɓa get, wuta ta ja shi har sai da ya yi salati da ƙarfi.

'Yata da ke aji biyar a sakandare ce ta kawo dabarar da ta buɗe mana hanya. Ta ce, "Abba, mu rubuta kowa da lokacin da abin ya same shi." Ta ɗauko littafi ta ja layuka: wane ne, wace rana, da wane lokaci, an yi ruwa ko ba a yi ba, akwai wutar NEPA ko babu, me ya sa a ƙafarsa. Wannan na ƙarshen ni ban ga amfaninsa ba a lokacin. Ta ce malaminsu na kimiyya ya gaya musu cewa wuta ba ta jan mutum sai ta samu hanyar bi ta jikinsa ta shige ƙasa. Ta bi mutanen ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, har tsangayar almajirin ta aika.

Mutum bakwai ta samu cikin mako uku. Da muka shimfiɗa littafin a kan tabarma da daddare, abubuwa suka fara fitowa. Duk bakwai ɗin akwai wutar NEPA a lokacin. Ba wanda abin ya taɓa samu a ranar da aka ɗauke wuta. Shida daga ciki a ranar ruwa ne ko washegarinsa. Sannan ƙafa: almajiri ba takalmi, 'yar maƙwabta ba takalmi, mai garuwa silifa ne jiƙe sharkaf, ƙanina da danshin alwala hannu da ƙafa. Ni kuwa duk lokacin da na taɓa, da takalmi mai kaurin roba nake, ƙafata a bushe. A nan na gane abin da ya sa ƙofar take zaɓen wanda za ta ciza. Fatar mutum idan ta bushe tana tare wuta sosai, idan ta jiƙe kuwa sai ta zama kamar buɗaɗɗiyar ƙofa. Wutar tana nan a jikin ƙarfen duk lokacin da na taɓa, takalmina ne ya tsare ni.

Abu biyu suka ƙi daidaituwa. Na farko, abu ɗaya tilo mai amfani da wuta da ya rage kusa da get shi ne fitilar da ke kan ginshiƙi, amma biyar daga cikin bakwai ɗin da rana abin ya faru, fitila a kashe. Na biyu, mutum na bakwai, wani yaro mai tallar gyaɗa, a ranar da ta ja shi kwana biyar rabon gari da ruwa.

Wani abokin aikina ya haɗa ni da wani dattijon mai wayarin, wanda ya yi shekaru yana aikin manyan gine-gine, yana kuma da takardar shaidar hukumar NEMSA, wadda ke tantance masu aikin lantarki a Najeriya. Ya zo a kan tsohon babur da jakar fata. Bai fara da get ba, littafin 'yata ya fara karɓa. Ya karanta a tsaye, ya gyaɗa kai, ya ce, "'Yata, kin yi mini rabin aiki."

Sai ya ce a kawo bokitin ruwa. Ya shiga ciki ya kashe babban makunnin gidan gaba ɗaya, ya sa aka kori yara nesa, sannan ya hau tsani ya kwarara ruwan a kan ginshiƙin da fitilar, yadda ruwan sama zai yi. Ya kafa wani guntun rodi a jiƙaƙƙiyar ƙasa ɗan nesa da get, ya maƙala wayar mitarsa ɗaya a jikin rodin, ɗaya a jikin get, ya koma gefe ya tsaya a kan busasshen katako. "Alhaji, kunna." Na kunna. Lambobi suka hau kan mitar, suka haura bolt ɗari. Wutar da ke shigowa gidajenmu bolt 230 ce. Kusan rabinta ke nan zaune a jikin ƙarfen da yara ke dafawa.

Ya ce tasta ba ta yi wa matashin nan mai gyaran wuta ƙarya ba, ranar da ya zo babu danshi, don haka babu abin da za ta gani. Laifinsa ɗaya, bai tambayi yaushe abin ke faruwa ba.

Daga nan ya tsayar da ni a gaban akwatin birekoki, ya ce in riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya, shi yana kallon mita a waje, 'yata tana kai saƙo tsakaninmu. Na kashe na soket ɗin falo, lamba tana nan. Na kashe na kicin, tana nan. Na injin jan ruwa, wanda na fi zargi a zuciyata, tana nan daram. Da na kashe na huɗu, na fitilun falo da zaure, sai na ji muryarsa daga waje: "Tsaya nan!" Mitar ta koma sifili. A kan wannan layin aka ɗora fitilar get.

Na ce, "To Malam, ai fitilar a kashe take yanzu haka."

Uwargida da ke tsaye a bakin labule ta sa baki. Ta ce ita fa ta sha ganin wani abu da asuba: bayan ta kashe fitilar, ƙwan ba ya mutuwa gaba ɗaya, sai ya riƙa wani ɗan haske dishi-dishi kamar garwashin da toka ta rufe. Ta ɗauka haka ƙwan LED yake. Dattijon ya juyo da sauri ya ce, "Hajiya, kullum ko bayan ruwa?" Ta yi tunani ta ce bayan ruwa. Bai ƙara magana ba, ya sa aka sake kashe wutar gidan, ya kwance makunnin fitilar da ke bangon zaure, ya kira ni in gani.

Baƙar waya ce a ciki. A tsohon tsarin launi, ja ita ce mai ɗauke da wuta, baƙa ita ce mai mayar da ita, koriya ta ƙasa. A sabon tsari kuma mai launin ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya mai mayarwa, mai ratsin kore da rawaya ta ƙasa. Ƙa'ida ita ce makunni ya zauna a kan waya mai wuta, domin idan ka kashe, wutar ta tsaya a bango. Wanda ya ja mana layin fitilar ya ɗora makunnin a kan mai mayarwa. Ka danna, ƙwan ya mutu, ka ɗauka ka kashe, alhali jar waya tana nan ɗauke da bolt 230 har cikin fitilar, dare da rana. Hasken da uwargida ke gani kuwa, 'yar wutar da ke ratsa ƙwan ce tana zurarewa ta danshi zuwa ƙasa. Ƙwan LED ba ya buƙatar wuta mai yawa kafin ya nuna alama. Mutum biyar na rana sun samu bayani.

Saura yadda wutar ke fita daga waya ta shiga ƙarfe. Ya sauko da fitilar ya ajiye a kan buhu, ya kwance gilashin. Abin da ya zubo ba zan manta da shi ba: wani baƙin taɓo mai wari, kusan cikin cokali uku, cakuɗe da fukafukan shinge da ƙananan ƙwarin damina, da busasshiyar gawar tsaka. Ƙurar hunturun shekara biyu ce ta taru a ciki, ƙwari suka bi haske suka shiga suka mutu, ruwa ya zo ya dama. Inda aka haɗa wayoyi, murɗe su kawai aka yi aka naɗe da salatif, zafin Afrilu mai haura digiri 40 ya narkar da danƙonsa ya saki. Tagullar a tsirara take, ta yi kore, tana kwance cikin taɓon. Taɓon yana manne da jikin fitilar na ƙarfe, jikin fitilar an ɗaure shi da kusoshi a kan wani hannun ƙarfe, hannun kuma an yi masa walda da firam ɗin get. Idan rana ta busar da taɓon, hanya ta yanke. Idan ruwa ya sauka, ta haɗu.

Ya nuna mini ta inda ruwan ke shiga. Wayar ta gangaro daga saman katanga ta shiga fitilar ta wani rami a sama, ba roba, ba komai. Duk ɗigon da ya sauka a kan wayar sai ya bi jikinta kai tsaye zuwa ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa ramin da hannu aka huda shi. Ya juya fitilar ya goge wata 'yar takarda da ke manne a bayanta: IP20.

A nan ya zauna a kan benci ya yi mini karatun da nake fatan duk mai gida ya ji. Haruffan IP da lambobi biyu da ke bin su ma'auni ne na duniya da ake bugawa a jikin kayan wuta. Lambar farko, daga 0 zuwa 6, tana faɗin yadda abu ke tare ƙura da shigar wani abu mai tauri. Ta biyu tana faɗin yadda yake tare ruwa. IP20 na nufin yatsa ba zai shiga ba, amma sifilin nan na cewa babu kariyar ruwa ko kaɗan. Fitilar ɗaki ce, mai kyan gani, ni na zaɓe ta da kaina saboda adon gilashinta da sauƙin kuɗinta. IP44 tana tare duk abin da ya kai kaurin milimita 1, tana jure fantsamar ruwa ta kowane ɓangare, ta dace da baranda ko ƙarƙashin rumfa. IP65 ƙura ba ta shigarta sam, kuma tana jure feshin ruwa daga mesa. IP67 ko ta nutse a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30 ba abin da zai same ta, irinta ake binnewa a ƙasa ko a sa inda ruwa ke kwanciya.

Da ya ambaci mesa, sai ɗana ya sunkuyar da kai. Ya ce ranar da mai gyaɗa ya zo, shi ne ya wanke mota a bakin get da safe, da ya gama kuma ya ga ƙura a jikin ginshiƙi da fitila ya fesa musu ruwa. Mutum na bakwai ya shiga layi.

Tambayar da ta fi damuna na ajiye ta ƙarshe. Muna da birekoki a gidan, me ya hana su faɗuwa? Ya ce birekan fitilun na amfiya 10 ne, aikinsa ya tsare waya kada ta ɗau zafi ta kama gobara. Amfiya 10 miliamfiya 10,000 ke nan. Mutum kuwa yana fara jin wuta tun daga miliamfiya 1. Wajen 10 hannu yana iya ƙanƙamewa ya kasa sakin ƙarfen. Abin da ya haura 30, idan ya ratsa ƙirji ya ɗan jima, yana iya rikita bugun zuciya. Wutar da za ta kashe yaro ba ta kai birekan ya san da wucewarta ba. Abu biyu ke tsare mutum. Ɗaya wayar ƙasa, wadda masu aikin ke kira atin: waya ta uku da ake ɗaurawa a jikin duk abin ƙarfe, don idan wuta ta zurare ta bi ta can maimakon ta jira mai taɓawa. Wayar fitilarmu mai zare biyu ce, irin ta rediyo, ba ta da ta ukun. Na biyu wani bireka na daban mai jin yoyon wuta, za ka ga an rubuta RCD ko RCCB a jikinsa tare da 30mA. Shi auna wutar da ta fita yake yi da wadda ta dawo, da ya ga giɓin ya kai miliamfiya 30 sai ya yanke kafin ƙiftawar ido. Ba mu da shi. Da muka je bayan gida duba sandar atin, muka tarar tsatsa ta cinye mahaɗarta, wayar tana lilo a iska.

Washegari muka shiga kasuwar Sabon Gari tare. Na lura ba ya tsayawa a kan abin da aka rubuta a kwali, don tawada ba ta da tsada. Duk fitilar da aka miƙo sai ya sa an buɗe. Ya murza robar da ke zagaye da bakin gilashin da yatsa, ya ga ko tana da laushi, ko ta zagaye ba yankewa. Ya duba mashigar waya, ko tana da goro mai roba da ke matse wayar idan an ɗaure. Ya nemi kusar da ake ɗaura atin a jikin ƙarfen. Wata ta roba da ya ɗauka ba ta da kusar, sai ya nuna mini alamar murabba'i biyu, ƙarami a cikin babba, ya ce wannan rufinta ninki biyu ne, an ƙera ta ba ta buƙatar atin. Uku ya mayar kafin ya yarda da ta huɗu, IP65. Kuɗinta ya ninka na tsohuwar, ban yi ciniki mai tsawo ba.

Ni na so mai ƙarfin haske, irin farin nan mai kashe ido. Ya hana ni. Ya ce haske da lumen ake auna shi, ba da wat ba, kuma ƙwan LED mai wat 9 ko 10 yana ba da kusan lumen 800, daidai da tsohon gulob mai wat 60, wanda ya ishi bakin ƙofa. Fitilar da ke dukan ido tana makantar da mai fitowa, ta bar inuwa baƙi ƙirin a gefe inda mugu zai laɓe, ta kuma hana maƙwabci barci. A kafa ta sama da kai, a sunkuyar da fuskarta ƙasa. Ya zaɓi mai 3000K, haske mai ɗan ja-ja, don ƙwari sun fi rububin farin nan mai shuɗi-shuɗi na 6500K. Wanda ya ga abin da ya fito daga cikin tsohuwar fitilarmu ba zai raina wannan ba. Don lungun bayan gida mai nisa kuwa, ya ce kada mu ja waya ko kaɗan, muka sayi ta sola mai batirinta a jiki, wadda wutarta 'yar kaɗan ce ba ta jan mutum. Sharaɗinta a riƙa goge farantin, musamman da hunturu.

Aikin ya ci yini guda. Ya ja sabuwar waya mai zare uku a cikin fayif, ya mayar da makunni kan waya mai wuta, ya yi haɗin a cikin akwati mai murfi da roba, ba salatif ko ɗaya. Ya shigar da wayar ta ƙarƙashin fitilar, ya bar mata ɗan lanƙwasa kamar ƙugiya kafin ta hau, don ruwan da ya biyo ta ya ɗige a ƙasa. Ya cire hannun ƙarfen daga firam ɗin get ya kafa fitilar a jikin bulo, ya ɗaura wa get ɗin kansa atin, ya kafa sabuwar sanda, ya sa birekan yoyo a akwati. Sannan ya maimaita gwajin bokiti. Mita ba ta motsa ba. Ya nuna wa 'yata ɗan maɓallin gwaji da ke jikin birekan, ya ce ta riƙa danna shi duk bayan wata uku, in wuta ba ta yanke nan take ba a kira shi.

A cikin Agusta, ana tsakiyar marka, almajirin ya zo da kwanonsa, ƙafa ba takalmi, ruwa har idon sawu a bakin ƙofa. Ya tsaya nesa yana sallama. Na cire takalmina na shiga ruwan, na dafa get ɗin da tafin hannu a gabansa, sannan ya matso ya tura da kansa.

Mai karatu, idan akwai fitila a jikin get ɗinka ko katangarka, kada ka gwada ta da hannu. Kashe babban makunni, ka kira wanda ya san aikin, ya sauko da ita ya buɗe a gabanka, ya duba lambar da ke bayanta, ya ƙirga zaren wayar, ya leƙa cikin makunni. Ka yi haka kafin hadari na gaba ya haɗo.